Goron Shara Sau Uku

Basam, Kuddibuwa, 9 ga Yuli

Zuwa ga baiwata Saude, a Tama.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗanki Idris can Yamai da iyalinsa. Ina damana? An gama shuka kuwa? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke tuna mini na haura saba'in. Ɗiyata Mardiya tana gaishe ki da Faransanci, tun da Hausarta har yau ba ta wuce "ina kwana" ba.

Mutari direba ya sauke albasa a Abijan zai juya gida, na ba shi sharar bana ya kawo miki. Kar tsufa ya sa ki manta matsayinki. Babana yayan innarki ne, ni ɗan namiji, ke ɗiyar mace, saboda haka ni ne ubangida ke ce baiwa. Duk Ashura ke ki share mini ƙofa, ni in ba ki shara. Ga goro nan ƙwarya guda da turmin atamfa. Shekara arba'in da ɗaya ina cika nawa daga nesa, ban taɓa ganin tsintsiyarki a ƙofata ba. Baiwa marar amfani irinki ban san inda ake samunta ba.

To ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Na ji kin ajiye aikin ungozoma a matarnitin Madawa, kin koma Tama kina fama da garkar Kaka, lambun nan namu na gado. Saude, ki zo nan ki yi hutun tsufanki. Tun rasuwar uwar Mardiya gidan ya yi mana girma. Akwai ɗaki mai taga biyu, iskar teku na shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya. Nan babu bazarar da ke dafa mutum a zaune. Pampo na cikin gida, kuran, wato lantarki, ba ya yawan ɗaukewa, likita kuwa da ƙafa ake zuwa. Kifi da safe ake fito da shi daga ruwa yana motsi. Kwakwa faɗowa take a tsakar gida, sai kin yi hankali da kanki.

Ba zan ɓoye miki aibin wurin ba. Sauro a nan ba ya jin kunyar kowa. Wanki yakan kwana biyu bai bushe ba, ƙarfe kuma tsatsa yake ko a cikin akwati. Fura kuwa, abin da suke kira fura gara ki sha ruwa. Amma ki auna ki gani, na san kanki na aiki ko da yake kan baiwa ne.

Sai kuma wani abu. Ki rubuto mini itatuwan da suka rage a garka, ɗaya bayan ɗaya. Mangwaron bakin rijiya yana nan? Daga ina iyakarmu ta fara ta gabas? Ina so in riƙe su a takarda.

Kar ki kira ta waya, kunnena ya yi nauyi. Rubutu ya fi mini.

Ubangidanki,
Barmo

*

Tama, 3 ga Agusta

Zuwa ga Barmo, ubangidan da ba ya ciyarwa.

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, sai hawan jinin da ka sani. Ruwa ya sauka da kyau, gero ya kai gwiwa. Idris yana gaishe ka. Mutari ya yi kusan kwana ashirin a hanya, ya ce jira a kan iyaka ya yi yawa yanzu, amma goro bai bushe ba. Ka gaishe da Mardiya, ka ce mata laifin Hausarta a wuyanka yake.

Goro ƙwarya guda! Na ƙirga shi, na kira maƙwabciyata Zara ta sake ƙirgawa. Kai da tun muna 'yan makaranta a lakwal kake juya baya in za ka ci ƙuli-ƙuli. Kai da shekara arba'in goro ashirin kake aiko mini, rabinsa ƙwaro ya riga ni ci. Yau ga ɗari cif, har da atamfa. Zara ta ce in yi murna. Ni kuwa gabana ne ya faɗi.

Duk da haka na auna maganarka, don ba wauta ba ce. Bazarar da ta wuce na sha wuya, Barmo. Akwai ranar da na jiƙa zane na lulluɓa har sau biyar, ya bushe a jikina kafin in gama tasbihi. Daga nan zuwa babbar likita tafiya ce, kuma na fi kowa sanin abin da tafiyar nan ke yi wa mai hawan jini. Gidan Idris ɗaki biyu ne, ba zan je in zame wa matarsa kaya ba. Teku kuma ban taɓa gani ba sai a hoton kalanda, kuma ina so in gani, ba zan yi maka ƙarya ba.

Amma ka duba wannan gefen. Daga Tama har Madawa, duk kasuwar da na shiga sai wani ƙato mai gemu ya durƙusa ya ce, "Inna Saude, ke kika yanke min cibiya." A Basam wa ya san ni? Tsohuwa ce kawai wadda ba ta jin yarensu. Danshin da ke sa ƙarfe tsatsa me zai yi wa ƙashina? In na mutu wa zai wanke ni, wa zai faɗa wa mutane ɗiyar wace ce? Kuma mutum ya wayi gari babu fura, wannan hutu ne ko horo?

Yanzu mu zo kan wutsiyar takardarka, don a can na ga inda maganar ta dosa. Shekara goma sha tara ke nan tun rasuwar Inna nake riƙe da garkar nan. Shekarar da ruwan ƙorama ya cika rijiyar da yashi, ni na tsaya aka yashe ta. Ni na dasa zogale, ni na kori awaki. Ba ka taɓa tambayata ko ganye ɗaya ba. Sai yau, a takarda guda, ka ce in tattara in bar Tama, ka kuma ce in nuna maka iyaka ta gabas. Ni ba yarinya ba ce. Na san kana da rabo a garkar Kaka, har ya fi nawa. In rabonka kake so, buɗe baki ka faɗa, kar ka naɗe shi a cikin ganyen goro.

Ba zan lissafa maka ko itace ɗaya ba sai ka fito fili.

Taubashiyarka,
Saude

*

Basam, 6 ga Satumba

Zuwa ga baiwata Saude.

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da Idris. Ina damana? An gama shuka kuwa? Mu nan lafiya lau.

Ashura ta zo, ga sharar bana nan na ba Mutari, goro ƙwarya guda da turmin atamfa. Kar ki ce ubangidanki ya manta da ke.

Na ji kin ajiye aiki. Saude, ki zo nan ki zauna. Akwai ɗaki mai taga biyu. Kifi na da arha. Babu bazara. Na sa an wanke ɗakin, na sa an ɗaura gidan sauro sabo. Mutanen gidan nan da sauri suke magana, sai su gama ban kama ba. In na yi tawa kuma sai su tsaya suna kallona.

Ki rubuto mini itatuwan garka. Mangwaron bakin rijiya yana nan? Wanda kika faɗo daga kansa kika ce ni na turo ki, Kaka ya zane ni da tsumagiya, alhali ban taɓa ki ba. Bayan mangwaro da lemun tsami akwai wani itace, sunansa ya ɓace mini. Daga ina iyakarmu ta fara ta gabas?

Ki gaishe mini da Kawu Maiguwa da kyau. Ki ce masa tocilan ɗin da ya ce in kawo masa na saya, tana nan cikin akwati.

Ki zo tun ina iya tarbarki a tasha.

Ubangidanki,
Barmo

*

Tama, 12 ga Oktoba

Barmo,

Assalamu alaikum, don sallama hakkin Musulmi ce. Lafiyata ƙalau. An yanke gero, mun gode Allah. Na zuba irin albasa.

Na rubuta maka takarda shafi biyu, na tambaye ka abu ɗaya. Ka maido mini da amsa kamar ba ka taɓa ganin takardata ba. Wannan salon na san shi, haka mazan da suka yi laifi suke yi a ƙofar ɗakin haihuwa, a tambaye su gabas su amsa yamma.

Shara ta biyu ta iso. Kafin in gama mamaki, ta uku ta iso da wata motar, ba ko takarda. Ashura ɗaya ce a shekara, Barmo, ko a Kuddibuwa sau uku take zuwa? Goro ɗari uku da atamfa uku daga hannun da ba ya buɗewa. Wannan ba shara ba ce, toshiyar baki ce.

Na tsare Mutari a ƙofar gida na ce ya dube ni ya gaya mini abin da ake ƙullawa. Mutumin da ni na karɓi haihuwar 'ya'yansa huɗu sai ya kama kallon tayar mota. Ya ce, "Inna, ni dai kaya anka ba ni, kaya nik kawo. Ki yi min aikin gahwara." Gafarar me, in babu abin ɓoyewa? Na karya dokarka na kira wayarka. Mardiya ta ɗauka, ta ce Papa yana barci. Da hantsi? Na sake kira bayan kwana biyu, Papa yana wanka. Makon jiya kuma Zara ta zo da gudu ta ce, "Saude, wani mai babbar riga yaz zo yana aunin bakin garka da ƙahwa." Na haɗa wannan da wancan, hoton ya fito. Ka sami mai saye. So kake in tafi can in zauna ina kallon kwakwa, kafin in waiwaya an kafa injin a rijiyar Kaka.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Kawu Maiguwa. Shekara shida ke nan da muka binne shi. Kai ka aiko da likkafaninsa, kai ka kira ni kana kuka. Yau ka ce in gaishe shi, ka saya masa tocilan. In wasan taubasai ne, wasanmu bai taɓa kaiwa kan mamata ba. In kuma wani ka sa ya rubuta maka da sunanka, to bai iya ƙarya ba, har rubutun ya karkace kamar na ɗan aji ɗaya.

Na gama awo. Ba na zuwa. Inda aka binne uwata nan za a binne ni, da bazararsa da komai. Ga goronka nan da atamfofinka na mayar, har na farkon, sai guda bakwai da na riga na ci, Allah ya yafe mini su. In rabo kake so ka zo da ƙafarka gaban mai gari a raba. Daga yau ba ka da baiwa a Tama. Kar ka ƙara rubuto mini.

Na ji zafin abin nan, Barmo. Kai kaɗai ka rage mini cikin waɗanda muka taso tare.

Saude

*

Basam, 21 ga Nuwamba

Zuwa ga Inna Saude.

Assalamu alaikum. Ni Mutari nake rubutawa, amma maganar ta Mardiya ce. Tana faɗa da Faransanci ina juyawa. Ta warware mini alkawarin da na ɗauka, shi ya sa yau nake iya magana. Ga abin da ta ce.

Tanti, ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan kina lafiya. Papa jikinsa lafiya, yana cin abinci, yana tafiya da ƙafarsa. Kansa ne ba lafiya. Tun bara ya fara ajiye abu ya manta, ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida. A watan Yuni likita ya gaya masa ciwon mantuwa ne na tsufa, kuma gaba zai yi ba baya ba. Ranar da muka dawo ya sa ni da Mutari muka yi masa alkawari ba za mu gaya miki ba. Ya ce in kin sani za ki zo don tausayi, shi kuwa bai yarda baiwarsa ta ji tausayinsa ba. Takardar farko kwana huɗu ya yi yana rubuta ta, yana yagewa yana sakewa.

Yanzu Faransanci ya tafi. Julancin da yake yi da Mama shekara talatin shi ma ya tafi. Hausarku ta gida kaɗai ta rage masa, ni kuwa ba na ji. Ubana yana yi mini magana, yana roƙona wani abu, ina tsaye kamar baƙuwa. Na kawo masa Hausawan kasuwa, suna jin kalmomin amma ba su san mutanen da yake kira ba, sai ya ji haushi. Kullum da safe yana zama yana lissafa itatuwan wata garka da yatsu. In ya kai na uku sai ya tsaya, ya koma farko. Likita ya ce abin da mutum ya sani tun yana yaro shi ne na ƙarshen tafiya. Ba wanda zai sayar da komai, Tanti. Ni ban ma san inda garkar take ba.

Goron kuwa, duk bayan kwanaki sai ya tashi ya ce Ashura ta zo bai aika wa Saude shara ba. In na ce ya aika, sai ya ce so nake a ce ya yi rowa. Sau biyu na kasa hana shi.

Abin da ya sa na karya alkawari shi ne takardarki ta ƙarshe. Tana cikin aljihunsa. Kowace safiya yana ciro ta kamar yanzu ta iso, ya yi murna, ya ce daga gida ne. Sai ya karanta. In ya kai ƙarshe sai ya dube ni ya faɗi magana ɗaya, har na haddace ta na maimaita wa Mutari: "Mi niy yi ma Saude?" Ranar ba ya cin abin kirki. Gobe kuma haka. Na ɓoye takardar sau ɗaya, ya birkice gidan duka yana nema, don ita kaɗai ce abin da ke masa magana da harshensa. Sai na mayar masa.

Ban ce ki bar gidanki ba. Na san nan ba ƙasarki ba ce, kuma abin da za ki tarar ba hutu ba ne. Ki rubuto masa wata kawai, in musanya masa.

Mardiya

Inna, ni Mutari na ƙara da tawa. Ranar da kika tsare ni, da ƙasa ta tsage da na shige. Ki yafe mini. Baba Barmo ya gane ni jiya, yau bai gane ni ba.

*

Tama, 14 ga Disamba

Mardiya ɗiyata,

Mutari zai juya miki wannan. Shekara talatin da uku ina karanta ciwo a fuskar mutane, ga shi an rubuto mini shi baƙi da fari sau biyu na karanta shi a matsayin makirci. Mai babbar rigar nan ma ashe garkar maƙwabci ya zo dubawa. Na yi kuka har Zara ta tsorata. Na bar mata garka da dashen albasar da ban gama ba, ta iya abin da za ta iya. Idris yana haɗa mini takardun tafiya, zan taso bayan Mutari da kwana kaɗan. Ban san ranar dawowata ba, ban kuma sa wa kaina ba. Ki cire waccan takardar daga aljihunsa ki ƙone ta. Ki sa wadda na rubuta masa a ƙasan nan a wurinta, kuma ko na iso kar ki cire.

Saude

Zuwa ga ubangidana Barmo.

Assalamu alaikum. Ina kwana? Ni ce Saude baiwarka, ɗiyar ƙanwar babanka, daga Tama. Lafiyata ƙalau, kowa na gida lafiya, an sami gero bana.

Sharar bana ta iso, na gode. Ka riga ka aika, kar ka sake. Goron ya yi kyau, babu ƙwaro ko ɗaya, har na yi mamakin marowaci irinka. Ba ka yi mini laifin komai ba. Babu abin da ke tsakanina da kai sai alheri.

Ga itatuwan garkar Kaka, ka riƙe da yatsu. Na ɗaya mangwaron bakin rijiya, yana nan, ya fi da girma. Ba kai ka turo ni ba, ni na zame, na ƙulla maka don ka hana ni ƙuli-ƙuli. Na biyu lemun tsami. Na uku, wanda sunansa ya ɓace maka, gwaba ce. Na huɗu magaryar da muke jifa. Na biyar dabinon da bai taɓa haihuwa ba, har yau bai haihu ba. Sai zogale goma sha biyu, waɗannan ni na dasa, ba ka san su ba. Iyakarmu ta gabas daga gindin gawo ta fara, inda Kaka ke ɗaure jakinsa. Rabonka yana nan ba wanda ya taɓa.

Gaisuwarka ga Kawu Maiguwa na kai masa a cikin addu'a. Ka ajiye tocilan ɗin, zan karɓa.

Na auna maganarka na ga kai ke da gaskiya, ina zuwa. Ka ce a bar mini ɗakin nan mai taga biyu. Na ƙullo gero don in dama maka fura ta gaske, na kuma sayo tsintsiya sabuwa a kasuwar Tama, don shekara arba'in da ɗaya ina cin shara ban yi aikin ba.

In ka karanta wannan ba ka gan ni ba, to ina kan hanya. In kuwa ka ɗaga kai ka ga wata tsohuwa baƙa, gajera, tana share maka ƙofa tana mita, kar ka tambayi kowa ko wace ce. Ni ce. Ka yi mata magana da Hausarmu, za ta amsa.

Baiwarka,
Saude